Gwanayen da Ke Auna Duniya da Mudu Ɗaya

Duk ɗan kasuwar hatsi da ya saba zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi ya san ba a fara tambayar farashi sai an ga mudu. Idan aka ce masa tiyar gero kaza ce, zai miƙa hannu a ba shi tiyar, ya juya ta, ya duba ko an buga mata gindi, ya tambaya awon da tozo ne ko a shafe, ana sa hannu ko ba a sawa, akwai gyara ko babu. Sai ya gama wannan sannan ya koma kan kuɗi, nan ma da sauran aiki, domin a wancan ƙetaren da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa biyar, jika ɗaya sefa dubu, a wannan ƙetaren kuwa naira ce, kuma canjin safe ba lallai ya kai yamma ba. Yana tsaye cikin hayaniya da ƙura, kafin mai shayi ya gama haɗa masa kofi ɗaya, ya riga ya gano inda gero ya fi araha.

Abin da yake yi tsakanin kasuwa biyu a kan hatsi ɗaya, akwai waɗanda ke yin sa tsakanin ƙasashe da yankuna 176, a kan ɗaruruwan kayayyaki, tun daga shinkafa da man girki har kuɗin hayar ɗaki da albashin malamin firamare da buhun siminti. Su ne ma'aikatan hukumomin ƙididdiga na ƙasashe, irin NBS ta Najeriya da INS ta Nijar, da takwarorinsu na Accra da Yawunde da Njamena da New Delhi. Aikin da ya haɗa su shi ne shirin kwatanta farashi tsakanin ƙasashen duniya, wanda aka fi sani da ICP. Bankin Duniya ne ke riƙe da babban ofishinsa, a ƙarƙashin Kwamitin Ƙididdiga na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba kasafai ake jin sunayen mutanen nan a rediyo ba. Ni kuwa na daɗe ina ganin cewa cikin sana'o'in ofis kaf, da wuya a sami wadda ta kai tasu buƙatar haƙuri da tsantseni da iya zama da mutane.

Tambayar da suke neman amsarta ba ta da wuyar faɗi. Mutum a Damagaram yana samun sefa kaza a wata, wani a Kumasi yana samun sidi kaza, wani a Indiya rufi kaza: wa ya fi iya cika tukunyarsa? Abin da zai fara zuwa zuciya shi ne a juya kuɗin kowa zuwa dalar Amurka bisa canjin ranar, a gwada. Wannan hanya tana yaudara, kuma mu a Najeriya mun ga yaudararta da idonmu. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ake canzawa a hukumance kan naira 460 da 'yan kai ta haura 700 cikin makonni kaɗan, a 2024 ta wuce 1,500. Wanda ke auna arzikin Najeriya da canjin dala zai ce ƙasar ta tsuke ƙwarai cikin shekara guda. An sha wuya, babu mai musun wannan, amma gonakin masara ba su ragu da rabi ba, makarantu da injinan niƙa da motocin haya suna nan. Canji yana bin kayan da ke tsallaka iyaka ne, da kuɗin masu zuba jari da ke shiga suna fita. Aski kuwa ba a loda shi a jirgi. Mai aski a Fagge da mai aski a Landan aiki ɗaya suke yi wa kai, amma idan aka bi canji sai a ce na Landan ya yi aikin mutum goma ko fiye.

Mafitar ita ce a bar 'yan canji gefe, a tambayi kayan da kansu. Mu ɗauki misali na ƙirƙira don a gane. A ce kilo ɗaya na gero iri ɗaya naira 600 ne a Katsina, sefa 300 a Maraɗi. To a ma'aunin gero, sefa ɗaya tana sayen abin da naira biyu ke saye. Idan 'yan canji na ba da naira biyu da rabi kan kowace sefa, gero ya fi araha a Katsina ke nan, kuma ba da daɗewa ba za a ga motoci sun fara lodi zuwa arewa. Wannan lissafi, idan aka yi shi a kan ɗaruruwan kayayyaki aka haɗa, shi ke ba da abin da masana ke kira daidaiton ƙarfin saye, wato canjin da ya dogara da abin da kuɗi ke iya kawowa gida.

An fara aikin a 1968, haɗin gwiwa tsakanin ofishin ƙididdiga na Majalisar Ɗinkin Duniya da Jami'ar Pennsylvania a Amurka, inda Irving Kravis da Alan Heston da Robert Summers suka ja ragama. Zagayen farko, na 1970, ƙasashe goma ne kacal, kuma Kenya ce kaɗai daga Afirka. A zagayen 2005 an kai 146, 48 daga cikinsu na Afirka, kuma a lokacin ne Bankin Raya Ƙasashen Afirka ya karɓi jagorancin nahiyar, karon farko da wata cibiya ta Afirka ta riƙe aikin da hannunta. A 2011 an kai 199. A 2016 Kwamitin Ƙididdiga na Majalisar ya mayar da shi aikin dindindin, aka yi zagayen 2017 da na 2021.

Gwanintar tana farawa tun kafin kowa ya taka kasuwa, a wajen siffanta kaya. “Shinkafa” kalma ɗaya ce, amma kowace uwargida ta san ba abu ɗaya ba ne. Akwai 'yar Hausa, akwai 'yar ƙasar waje, akwai wadda aka turara da wadda ba a turara ba. Mutanen Senegal farfasasshiya suka fi so, a Pakistan basmati ce ta manyan baƙi. Idan ma'aikacin Dakar ya kawo farashin farfasasshiya, na Abuja ya kawo na dogon ƙwaya mai tsabta a cikin leda, aka haɗa su a layi ɗaya, an gwada jaki da doki. Saboda haka kowane kaya sai an rubuta masa siffa dalla-dalla: tsawon ƙwaya, yawan karyayyu a ciki, a buhu ne ko a mudu, nauyin da za a tambaya, mai tambarin kamfani ne ko maras shi. Haka wando, sai an faɗi irin yadin da ɗinkin. Haka firji, sai an faɗi girman cikinsa da yawan ƙofofinsa. Haka aski, sai an faɗi a shago ne mai kujera ko a gindin bishiya, da wankin kai ko babu. Wakilan ƙasashe sukan zauna kwana da kwanaki suna jayayya a kan layi ɗaya na irin wannan siffa. Wanda bai san abin da ke gaba ba zai ga kamar ɓata lokaci ne. Amma kuskuren da aka bari a siffa ba ya gyaruwa daga baya, ko da wace irin kwamfuta aka yi lissafin.

A nan ne babbar matsalar sana'ar take, kuma ba ta da magani na gaba ɗaya. Kayan da za a iya kwatantawa tsakanin ƙasashe sau da yawa ba shi ne abincin talaka ba, abincin talaka kuma sau da yawa ba a samunsa a wata ƙasar. Gero shi ne rayuwa a Nijar. A Japan sai an nema a shago na musamman, kuma da tsada. Kwalin hatsin karin kumallo irin na Turawa ana samunsa a manyan kantunan Yamai, siffarsa ɗaya da na Faris, amma mutum nawa ke sayensa? Idan aka dogara da shi, Nijar za ta fito a matsayin ƙasa mai tsananin tsada, alhali yawancin gidaje fura da tuwo suke ci. Dabarar da aka cimma ita ce kowane yanki na duniya ya tsara jerin kayansa, inda na Afirka zai ɗauki gero da dawa da rogo da manja da busasshen kifi, sannan a sami jeri na biyu na bai ɗaya, wanda a 2011 ya ƙunshi kayan masarufi sama da 600, kowane yanki ya nemi farashin abin da ake samu daga ciki. Bayan haka kowace ƙasa sai ta yi wa kowane kaya alama: wannan jama'armu na saye sosai, wannan kuwa akwai shi amma ba na kowa ba ne. Mai alamar farko nauyinsa a lissafi ya fi. Wannan alama hukunci ne na ɗan ƙasa wanda ya san kasuwarsa, babu baƙon da zai iya yi masa.

Sai shiga kasuwa. A ƙasashen da ake manna farashi a jikin kaya, mai tattara farashi karantawa kawai zai yi ya rubuta. A Dawanau ko a babbar kasuwar Damagaram babu abin karantawa. Akwai kuɗin da mai kaya zai fara faɗa, akwai tayi, akwai “albarka”, akwai inda za a sallama, kuma na sallamawar ake so. Ga tumatir a kashi-kashi, ga gishiri a ƙulli, ga manja a kwalba, ga nama a tsibi, babu wanda ya zo da nauyinsa a rubuce. Shi ya sa a tsarin auna hauhawar farashi na ƙasashe masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma, ma'aikaci yakan sayi irin waɗannan kaya kamar kowane mai cefane, a ɗora su a sikeli, a raba kuɗin da nauyin, a fitar da farashin kilo. A binciken gidaje na Najeriya ma an bi kasuwanni an auna mudu da tiya da gwangwanin madara, aka tsara teburin juya su zuwa kilo, har da hotunan da ake nuna wa mai amsa tambaya ya nuna girman kashin da ya saya. Abin da ɗan kasuwar Jibiya ke yi da ido da tafin hannu, su sun mai da shi rubutaccen tsari wanda wani a wata ƙasa zai iya bincika.

Kuma ba zuwa ɗaya ake yi ba. Farashin gero a kaka daban, a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa daban. Na birni daban, na ƙauye daban. Abin da ake nema shi ne matsakaicin farashi na ƙasa baki ɗaya a shekara baki ɗaya, don haka ana komawa kasuwannin a kowane kashi huɗu na shekarar, a birni da karkara, a kanti da rumfa da tebur na bakin titi.

Matakin da ya fi burge ni shi ne wanda ke biyo baya. Kowace hukuma takan fara tace alƙalumanta a gida, sannan ta aika wa mai kula da yankin, sannan a kira taro. A jera farashin kowane kaya daga kowace ƙasa a teburi ɗaya, an juya su zuwa ma'auni ɗaya, kowa na kallon na kowa. Teburan suna da sunayen waɗanda suka ƙirƙiro su, Quaranta na hukumar ƙididdiga ta Italiya da Dikhanov na Bankin Duniya, kuma aikinsu shi ne su fito da farashin da ya kauce wa 'yan uwansa. Idan sukari a wata ƙasa ya ninka na maƙwabtanta uku alhali sauran kayanta suna tafiya daidai da nasu, za a tambayi wakilinta a gaban kowa. Wani lokaci gaskiya ne, akwai haraji ko wahalar sufuri. Sau da yawa kuwa an rubuta kuɗin rabin kilo a gurbin kilo, ko an ɗauki na kwali a maimakon na buhu, ko sifili ɗaya ya ƙaru wajen shigarwa. Wakilin zai koma gida, a sake tura mutum kasuwa, a dawo da amsa a zama na gaba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙasashen da shugabanninsu ba sa ga maciji da juna, ma'aikatan ƙididdigarsu suna zaune a teburi ɗaya, wannan na gyara wa wancan kuskure, wancan na karɓa ba tare da jin an ci masa fuska ba. Dole mai wannan aiki ya iya tambaya cikin ladabi, ya kuma iya cewa “mun yi kuskure” da sunan ƙasarsa. Ban san wani fage na hulɗar ƙasashe da ake yin haka a kai a kai ba.

Bayan farashi ya tsabtata, sai a zo kan nauyi. Gishiri da hatsi duka ana saye, amma abin da gida ke kashewa a hatsi ya ninka na gishiri nesa ba kusa ba, don haka ba za su yi daidai a lissafi ba. Kowace ƙasa sai ta rarraba duk abin da aka kashe a cikinta a shekara zuwa gida-gida har 155, iri ɗaya da na kowace ƙasa: shinkafa gidanta, nama gidansa, haya, magani, sufuri, gine-gine, ayyukan gwamnati. Sannan masu lissafi su tabbatar da abu ɗaya da ɗan kasuwa ma zai yarda da shi: idan aka gwada Nijar da Gana kai tsaye, dole amsar ta yi daidai da wadda za a samu in an bi ta Najeriya. Hanyoyin da ke tabbatar da haka an daɗe ana gyara su, ɗaya daga ciki Summers ne ya fito da ita a 1973. Daga nan a ɗinke yankuna. A 2005 ƙasashe 18 aka zaɓa suka zama gada, cikinsu har da Kamaru da Senegal da Kenya, suka tattara farashin wani jeri na musamman. Daga 2011 jerin bai ɗaya ya maye gurbin wannan. Masar da Sudan kuwa suna shiga yanki biyu, na Afirka da na Yammacin Asiya. Akwai kuma alkawari mai kwantar da hankali: matsayin da ƙasashen yanki suka amince da shi a tsakaninsu ba ya canzawa idan an haɗa su da sauran duniya.

Akwai wuraren da masu aikin da kansu ke cewa awonsu bai kai yadda suke so ba. Yaya za a kwatanta hayar gida a ƙasar da yawancin mutane ke zaune a gidan gado ko wanda suka gina da hannunsu? Yaya za a gwada aikin malamin da ke da ɗalibai 80 da allo ɗaya da na wanda ke da 20 da ɗakin gwaje-gwaje? Suna da dabaru, kamar ƙirga ɗakuna da duba ko akwai ruwa da lantarki da banɗaki, kuma suna rubuta iyakar dabarun a rahotanninsu. Wannan faɗin gaskiya yana cikin abin da ke sa na amince da sauran.

Duk wannan ba ya yiwuwa ga hukumar da ba ta yi shiri ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Nauyin da aka ambata daga binciken kashe kuɗin gidaje yake fitowa. Gidajen da za a bincika daga jerin unguwanni da ƙauyukan da ƙidayar jama'a ta samar ake zaɓo su. Ƙidaya kuma sai an yi shekaru ana zana taswira da horar da ma'aikata. Kowane aiki yana tsaye a kafaɗar wani, kuma idan na ƙasa ya tsufa, na sama duka sun karkace. An ga haka a Gana a 2010, lokacin da ta matsar da shekarar da take ɗora lissafin arzikinta a kai daga 1993 zuwa 2006, sai arzikin ya ƙaru a takarda da kusan kashi 60 cikin ɗari. An gani a Najeriya a watan Afrilun 2014, zamanin da Dakta Yemi Kale ke shugabancin NBS: aka tashi daga 1990 zuwa 2010, lissafin 2013 ya koma kusan dala biliyan 510, ƙarin kusan kashi 89 cikin ɗari, Najeriya ta wuce Afirka ta Kudu. Ba kuɗi ne suka faɗo daga sama ba. Tsohon mudun an ƙera shi ne tun ba a san wayar salula ba, tun harkar fina-finai ba ta bunƙasa ba, don haka ba ya iya ɗaukar su yadda ya kamata. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita ita ce a sabunta duk bayan shekara biyar. Najeriya ta yi fiye da ashirin.

Don kauce wa irin wannan ne aka kafa ƙawancen PARIS21 a 1999, kuma a taron Marrakesh na 2004 aka amince kowace ƙasa mai ƙaramin ƙarfi ta rubuta tsarin bunƙasa ƙididdigarta na shekaru da dama. Takarda ce da ke faɗin wane bincike za a yi a wace shekara, wane zai riga wane, nawa zai ci, wa zai biya, mutum nawa za a horar, wace ma'aikata ce za ta riƙa kawo waɗanne alƙaluma. Amfaninta mafi girma a ganina shi ne kare hukuma daga zama 'yar amshin shatan masu ba da tallafi. Hukumar da ba ta da tsari, duk wanda ya zo da kuɗi shi zai faɗi abin da za a ƙirga bana, a bar abin da ƙasa ke buƙata. Mai tsari kuwa tana iya cewa: ga kalandarmu, ku zaɓi inda za ku sa hannu. Tarayyar Afirka ta ɗora a kai da Yarjejeniyar Ƙididdiga ta Afirka a 2009, da tsarin daidaita ƙididdigar nahiyar wanda zangonsa na biyu ya kama daga 2017 zuwa 2026.

Maƙwabtanmu masu magana da Faransanci sun riga kowa nuna yadda ake yin wannan da ƙaramin ƙarfi. A watan Satumban 1993 ƙasashe 14 suka sa hannu a Abidjan kan kafa AFRISTAT, mai hedikwata a Bamako, Nijar da Chadi da Kamaru na cikin mambobinta. Hikimar ita ce ƙasa ɗaya ba za ta iya riƙe ƙwararre a kowane fanni ba, amma idan aka haɗa kuɗi za a iya ɗaukar 'yan kaɗan su riƙa zagayawa, yau suna Yamai suna gyara lissafin arzikin ƙasa, wata mai zuwa suna Lome. Kuɗin tafiyar da ita ma asusu aka yi masa wanda ke ɗaukar shekaru masu yawa a jere, don kada aiki ya tsaya duk shekarar da baitulmalin wata ƙasa ya yi ƙasa. Watanni kaɗan bayan sa hannun, a Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi, farashi ya tashi, sai ga shi a Afirka ta Yamma kowace ƙasa mai amfani da sefa na auna tashin da nata mudun, ga kuɗi ɗaya da babban banki ɗaya. Daga 1998 waɗannan ƙasashe, da ke ƙungiyar UEMOA, suka koma ma'aunin farashi na bai ɗaya, hanya ɗaya, rabon kaya iri ɗaya. Da farko manyan biranen kawai ake aunawa, daga baya aka faɗaɗa zuwa sauran sassan kowace ƙasa. A 2018 zuwa 2019 ƙasashen ƙungiyar su takwas suka gudanar da binciken rayuwar gidaje da takardar tambayoyi iri ɗaya, a zango biyu na shekara don kada kaka ko rani ya rinjayi sakamakon. Da yawa daga cikin masu wannan aiki ajinsu ɗaya a makarantun ƙididdiga na Abidjan da Yawunde da Dakar, kuma wannan sanayya ta ƙuruciya tana sauƙaƙa gyaran kuskure fiye da kowace yarjejeniya.

Mai karatu na iya tambaya me ya shafe shi. Lokacin da sakamakon 2005 ya fito, girman tattalin arzikin Sin ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari daga yadda ake ƙiyasta shi a da, domin an tarar kaya sun fi tsada a can fiye da zato. Sakamakon 2021 ya nuna Sin na da kusan kashi 19 cikin ɗari na arzikin duniya, Amurka 15 da rabi, Indiya 7 da ɗoriya. Asusun Ba da Lamuni na Duniya yana sa wannan awo cikin lissafin kason kowace ƙasa, wanda ƙarfin ƙuri'arta ya dogara da shi. Layin talaucin da ake ta ambata a labarai kuma daga nan yake fitowa. Dala 1.25 a rana, da 1.90 daga 2015, da 2.15 daga 2022, da dala 3 daga Yunin 2025, duka dalolin ƙarfin saye ne, ba wadda ake canzawa a kasuwar 'yan canji ta Wapa ba. Duk sanda aka ce mutum miliyan kaza a Najeriya ko Nijar na ƙasa da layin, a ƙarƙashin wannan adadi akwai wani ma'aikaci da ya tsuguna gaban mai awo da sikelinsa.

Shi ya sa amana ita ce jarin sana'ar. Mun tashi muna jin gargaɗin addini a kan tauye mudu, kuma gwamnati ma tana iya tauye nata. A Ajantina an yi wa hukumar ƙididdiga katsalandan daga 2007, alƙaluman hauhawar farashi suka daina kama da abin da mutane ke gani a kasuwa, har Asusun Ba da Lamuni ya tsawata wa ƙasar a hukumance a Fabrairun 2013, karon farko da ya yi wa wata ƙasa haka saboda alƙaluma. Ƙa'idoji goma na ƙididdigar hukuma, waɗanda Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da su a Janairun 2014, sun tanadi cewa ilimi ne zai zaɓi hanyar awo, kuma abin da mutum ya faɗa wa mai ƙididdiga sirri ne, ba za a yi amfani da shi don wani abu daban ba. Dokar ƙididdiga ta Najeriya ta 2007 ma ta kare wannan sirri.

Inda muke da rauni a bayyane yake. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya ta 2006 ce, wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Ma'aikatanmu na iya auna farashi da kyau, amma duk lissafin da za a raba da yawan jama'a yana tsaye ne a kan ƙiyasi. Wannan nauyi na masu kasafin kuɗi ne da 'yan majalisa, kuma ya kamata su sauke shi.

Saura namu, mu da ke rumfa da shago da gida. Alhaji mai hatsi, Hajiya mai kayan miya, idan wani ya tsaya gabanku da takarda ko kwamfutar hannu da ƙaramin sikeli ya ce daga hukumar ƙididdiga yake, ku nemi katin shaidarsa. Idan ya nuna, ku sani ba mai karɓar haraji ba ne. Ku faɗa masa kuɗin da kuka sallama kayan a yau, ku bar shi ya auna mudun.